Auta da bututun jan ƙarfe

I

Garin su Auta yana bakin kwalta, tsakanin Galmi da Madawa. Wannan babbar hanya ita ce ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso da Ƙwanni, ta bi ta Maraɗi da Damagaram, ta wuce har Diffa. Dare da rana manyan motoci ba su daina wucewa. In lokacin albasa ya yi, sai ka ga mota an jibga mata buhu bisa buhu, tana gurnani, tana fitar da baƙin hayaƙi, ta nufi Yamai ko ƙasashen bakin teku kamar Gana.

Yaran garin sun san motocin nan kamar yunwar cikinsu. Kowane yaro kuma yana da tasa. Ƙanana da kara suke yin tasu. Waɗanda suka ɗan tasa kuwa da waya suke yi, da gwangwani, da robar cikin taya. Sai su sa mata doguwar waya mai sitiyari a kai, su riƙa tura ta suna ƙugi da baki.

Auta yana aji biyar. Wata rana malaminsu ya ce: «Kafin a yi hutu za mu nuna wa iyaye aikin hannunmu. Wanda duk zai kawo mota, ina son ta zama ƙanwar motar gaske. Kome nata ya zama ɗaya bisa ashirin na babbar.» Ya rubuta 1/20 a allo.

Ga abin da malam yake nufi. A auna kowane sashe na babbar mota, a raba shi gida ashirin, a ɗauki gida ɗaya. In aka raba tsawo amma aka manta da taya, mota za ta fito kamar yaro sanye da takalmin babansa.

Auta yana da kawu makaniki a tasha. Ran asabar ya je wurinsa.

«Sannu da aiki, Kawu.»

«Yawwa, sannu ɗana. Lafiya da sassafe haka?»

Auta ya gaya masa abin da malam ya ce. Kawu ya roƙi wani direba da ya tsaya shan shayi, ya yarda suka auna motarsa. Tsawonta mita 10. Faɗinta mita 2,5. Tsayin taya mita 1. Bututun hayaƙi kuwa, wanda ya fito daga ƙarƙashi ya lanƙwashe ya miƙe sama a bayan ɗakin direba, kaurinsa santimita 12.

Auta ya zauna a ƙasa ya yi lissafi. Tsawon motarsa zai zama santimita 50, faɗinta santimita 12,5, taya santimita 5. Bututun hayaƙi kuma milimita 6.

II

Ya fara da aikin waya, tun da shi ya saba.

Wayar da ya samu duk ta kanannaɗe. Ya ɗora ta bisa icce, ya riƙa bugun ta a hankali da wani iccen har ta miƙe. Ya auna, ya sa alama da gawayi a kowane wurin da zai lanƙwasa. Ya kama waya da awartaki daidai bisa alama, ya danna ta da babban yatsa dab da bakin awartakin. In aka danna daga nesa, kusurwa ba ta fita sosai, sai waya ta yi doro.

Da ya saki, sai ya ga waya ta ɗan koma baya. Haka halin ƙarfe yake. Ko yaushe aka lanƙwasa shi aka saki, sai ya ɗan buɗe. Baƙin ƙarfe mai tauri ya fi jan ƙarfe yin haka. Don haka mai aiki yakan wuce inda yake so kaɗan, in ya saki sai waya ta dawo daidai.

Mota tana da gefe biyu, dole kuma su zo ɗaya. Gefen farko ya yi kyau. Na biyu ya fi shi tsawo da yatsa guda. Yayarsa tana kallo, tana tsinke zogale. Ta ce: «Auta, me zai hana ka kafa ƙusa a katako, kamar yadda masu saƙa ke kafa turaku?» Auta ya zana siffar gefen mota a katako, ya kafa ƙusa a kowace kusurwa. Ya bi da waya yana zagaya ƙusoshin. Ya cire, ya sake bi da wata. Da ya haɗa su, kamar tagwaye.

Tayoyi kuwa gwangwanin tumatir ƙarami ya nannaɗa wa waya, don faɗin bakinsa ya yi kusa da santimita 5. Kafin ya yanka ya tuna darasin lissafi: kewayen da'ira shi ne faɗinta sau 3,14. Wato 5 sau 3,14, santimita 15,7 ke nan. Ya ƙara santimita 2 na ɗauri. Waya ba ta yi asara ba ko kaɗan.

Sau ɗaya ne ya yi kuskure. Ya lanƙwasa wata kusurwa ba daidai ba, ya miƙe ta, ya sake lanƙwasawa, ya sake miƙewa. Ya ji wurin ya yi ɗumi, ya kuma yi tauri. A karo na gaba sai waya ta karye. Bai damu ba, waya tana da yawa.

III

Bututu ne ba shi da yawa. Kawu ya roƙo masa guntun bututun jan ƙarfe wurin wani mai gyaran firiji a Madawa. Tsawonsa santimita 30, kaurinsa ya yi daidai da abin da Auta ke nema. Babu wani irinsa a garin duka.

Bututun ya ɗan karkace, sai Auta ya bubbuga shi har ya miƙe. Sa'an nan ya kama shi da awartaki, ya danna da yatsa, yadda ya yi wa waya.

Bututu bai yi baka ba. Sai ya lotse wuri guda, ya yi faɗi kamar an taka shi. Auta ya sa baki ya hura, iska da ƙyar take fita. Ya ce bari ya miƙe shi. Yana miƙewa, wurin ya tsage.

Saura kwana uku a nuna aiki. Auta ya ɗauki bututu ya ruga tasha, idonsa ya yi ja.

Kawu ya duba, ya sa zarton ƙarfe ya yanke inda ya lalace. Ya auna abin da ya rage: santimita 17.

«Nawa kake bukata?»

«Sha huɗu, Kawu.»

«To, sau ɗaya ya rage mana. In wannan ya lotse, motarka ba ta da bututun hayaƙi. Zauna. Kafin mu taɓa shi, sai ka gane abin da ya faru.»

Kawu ya ce ya miƙe yatsansa, sa'an nan ya tanƙwashe shi. «Dubi fatar bayan gaɓa. Yaya ta yi?»

«Ta ja, ta yi sumul.»

«Ta ciki fa?»

«Ta tattare.»

Haka yake faruwa ga duk abin da aka lanƙwasa. Bayan baka yana miƙewa ya ƙara tsawo. Cikin baka yana matsewa ya rage tsawo. Tsakiya ce kaɗai take zama kusan yadda take.

Ana iya lissafa wannan. A ce an nannaɗa bututu mai kaurin milimita 6 jikin icce mai kaurin santimita 4, har ya yi kusurwa irin ta bangon ɗaki. Wurin da ya lanƙwashe, tsawonsa a tsakiya milimita 36 ne. Amma bayansa ya zama kusan milimita 41, cikinsa kuwa milimita 31. Tsakanin baya da ciki akwai kusan santimita guda, a ɗan wannan wuri.

Waya cike take da ƙarfe. In bayanta ya ja, cikinta ya matse, akwai ƙarfe a tsakani da zai riƙe su. Bututu kuwa babu kome a cikinsa sai iska. Bayan da ake ja yana neman gajeriyar hanya, sai ya faɗo ciki. Cikin da ake matsewa ya tattare. Su haɗu a tsakiya, rami ya toshe.

Kawu ya miƙa hannu wurin mai sayar da kayan miya, ya ɗauko lawashin albasa ɗanye guda. Lawashi ma bututu ne, rami gare shi. Ya lanƙwasa shi, nan take ya lotse wuri guda. Auta ya yi dariya, ko da yake ransa a ɓace yake.

«To Kawu, masu yin babbar mota yaya suke yi?»

«Abu uku za mu yi. Mu tausasa shi, mu cika cikinsa, mu ba shi abin da zai jingina.»

IV

Suka fara da wuta. Kawu ya hura gawayi a murhu, ya kama bututu da dogon awartaki, ya sa shi cikin garwashi. Ya ce Auta ya riƙa fifita, amma ya ja baya. Suka koma inuwa don su ga launin ƙarfe sosai. Jim kaɗan bututu ya yi ja-ja, kamar garwashin da ya fara mutuwa. Kawu ya cire shi, ya tsoma a ruwa. Ruwa ya yi ƙara.

Auta ya dafe kai. «Kawu, ai ka ɓata shi! Na ga maƙeri yana tsoma wuƙa a ruwa don ta yi tauri.»

«Wannan ƙarfen wuƙa ne, ɗana. Jan ƙarfe halinsa dabam. Ko ka tsoma shi a ruwa, ko ka bar shi ya huce da kansa, laushi zai yi.»

Me ya sa wuta take tausasa shi? Ƙarfe ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, a jere sahu sahu. In aka lanƙwasa shi, sahun nan suna zamewa bisa juna. In aka yi ta lanƙwasawa ko aka yi ta bugu, sai su sarƙe, su kasa zamewa. Nan ne ƙarfe yake tauri, daga tauri kuma sai karaya. Abin da ya sami wayar Auta ke nan. Bugun da ya yi wa bututu don ya miƙe shi ma ya ƙara masa tauri. Zafin wuta yana sa ƙwayoyin su sake jeruwa, ƙarfe ya koma da laushi.

Ba kowane ƙarfe ake yi wa haka ba. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1085, don haka yana yin ja tun bai narke ba. Sanholo, wanda ake tukunya da shi, yana narkewa a digiri 660. Ba ya yin ja a gani, kana jira sai ka ga ya zube. Farar wayar shinge kuwa an shafe ta da tutiya. In ta shiga wuta tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ba a sa ta a wuta.

Da bututu ya huce, sai aikin cikawa. Kawu ya aiki Auta ya ɗebo rairayi mai laushi, ya tankaɗe shi da rariya, ya shanya a rana bisa kwano har ya bushe ƙarau. Dole rairayi ya bushe. Mai danshi ba ya gangarawa cikin ƙaramin rami. Kuma in wani ya rufe jiƙaƙƙen rairayi cikin bututu ya kai shi wuta, ruwan zai zama tururi, ya harbo marfin kamar bindiga. Shi ya sa Kawu ya gama da wuta tun bututu yana fanko.

Ya feƙe ɗan icce ya toshe baki ɗaya. Auta ya naɗe takarda ya yi mazurari, ya riƙa zuba rairayi kaɗan kaɗan. Bayan kowace zubawa sai ya ƙwanƙwasa jikin bututu da ƙusa. Rairayi ya sauka, ya sake zubawa. Ya ce ya cika. Kawu ya karɓa ya ƙwanƙwasa, rairayi ya sake sauka da rabin yatsa.

«Ka gani? Inda duk ka bar iska, nan zai lotse.»

Sai da suka ƙwanƙwasa rairayi ya ƙi sauka, sa'an nan Kawu ya buga icce na biyu ya toshe. Yanzu bututu ya zama kamar waya, cikinsa a cike.

Saura abin jingina. Bakin awartaki kaifi gare shi, yana tara dukan lanƙwasa wuri guda. Bututu yana son a raba masa ita a wuri mai tsawo. Masu wannan aiki da hannu sukan nemi baka mai faɗi, wadda daga cibiyarta zuwa jikin bututu ya kai kaurin bututun sau uku ko fiye. Ga bututun Auta, 6 sau 3, milimita 18 ke nan. Kawu ya samo tsohuwar ƙotar fartanya mai kaurin santimita 4. Daga cibiyarta zuwa bayanta milimita 20, ta isa. Ya sa magagari ya yi mata ɗan kwari kewaye, inda bututu zai kwanta ba ya zamewa.

Auta ya ce: «Mu yanke shi ya zama sha huɗu tukuna.»

«A'a. Bar shi da tsawonsa, ka sami abin riƙewa. Yanka ne aikin ƙarshe.»

Kawu ya danne ƙota da gwiwa. Ya miƙa wa Auta bututu.

«Ni, Kawu?»

«Motar wa ce?»

Auta ya kwantar da bututu cikin kwarin. Hannunsa yana rawa. Ya danne gefe ɗaya da babban yatsa, ya ja ɗaya gefen a hankali. Ya yi mamaki, ƙarfen da ya gagare shi jiya yau yana bin hannunsa. Kawu yana cewa: «Sannu sannu. Kada ka fizga. Kada ka koma baya. Matso da yatsanka, bi shi.» Da ya kai kusurwar da yake so, ya wuce kaɗan, ya saki. Bututu ya ɗan buɗe, ya tsaya daidai.

Suka cire iccen, suka zazzage rairayi. Auta ya sa baki ya hura. Iska ta fita fuu, har da sauran ƙura a fuskar Kawu.

V

A ƙasashen Turai da Amurka akwai manya, har da masu furfura, waɗanda suke ƙera ƙananan motoci don sha'awa. Sun fi yin ɗaya bisa 24 ko ɗaya bisa 25. Su ma wannan matsala suke fama da ita. Wasu rairayi ko gishiri suke zubawa. Wasu suna zura waya mai laushi cikin bututu. Wasu suna sa bututun cikin wata naɗaɗɗiyar waya mai kama da tsutsa, ta riƙe shi ta waje. Masu ƙera ƙahon busa na sojoji, wanda yake naɗe kamar maciji, sukan cika bututunsa da ƙaro, ko da ruwan sabulu da aka daskarar ya zama ƙanƙara. Kakakin sarki dai ya huta da wannan wahala, tun da miƙe yake sambal.

Auta ya yanke bututu a santimita 14, ya goge bakin da magagari don kada ya yanki hannu. Ya wanke baƙin wuta da toka da lemun tsami, jan ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Ya ɗaure shi bayan ɗakin direba da siririyar waya.

Ran nuna aiki malam ya zo da ma'auni. Ya auna tsawo, santimita 50. Ya auna faɗi, daidai. Ya auna taya, ya ce ta wuce da milimita 3, gwangwanin tumatir ya fi santimita 5 kaɗan. Sa'an nan ya duƙa ya dubi bututun hayaƙi. Ya shafa bakar da yatsa. Ya ce a kawo buta. Ya ɗiga ruwa ta sama, ruwa ya fito ta ƙasa, ya jiƙa tebur.

Malam ya juya ya dubi aji. «Wa ya lanƙwasa wannan?»

Auta ya ɗaga hannu. Daga bayan taron iyaye, Kawu yana goge hannunsa da tsumma.

Mu kiyaye

Ba a taɓa wayar lantarki, ko ta faɗo ƙasa. Ba a yanke bututu daga jikin firiji, akwai iska da mai a ciki masu cuta; mai gyara ake roƙo. In ana yankan waya, a juya bakinta ƙasa don kada guntu ya tashi ya shiga ido. Aikin wuta kuwa sai da babba.

Kalmomi

jan ƙarfe : le cuivre
sanholo : l'aluminium
tutiya : le zinc
bututu : le tuyau
bututun hayaƙi : le tuyau d'échappement
awartaki : la pince
magagari : la lime
lanƙwasa : courber, plier
babbar mota : le camion
ɗaya bisa ashirin : l'échelle un vingtième

Tambayoyi

1. Me ya sa bututu ya lotse, amma waya ba ta lotse ba?
2. Don me Kawu ya sa bututu a wuta kafin a zuba rairayi?
3. Wace shawara yayar Auta ta ba shi?
4. Tsayin wata babbar mota mita 3,6 ne. Nawa zai zama a ɗaya bisa ashirin?
5. Waya nawa ake bukata don taya mai faɗin santimita 7, in za a ƙara santimita 2 na ɗauri?

Aiki

Ku samo lawashin albasa biyu masu kauri ɗaya. Ku lanƙwasa na farko yana fanko. Ku cika na biyu da busasshen rairayi, ku ɗaure bakinsa da zare, ku lanƙwasa shi jikin kwalba. Ku zana abin da kuka gani a littafinku, ku rubuta jimla biyu da Hausa, biyu da Faransanci.